Zumunta a Ƙafa Take: Motsa Jiki da Zaman Tare a Gusau da Tsafe da Bunguɗu



Gabatarwa

Hausawa sun ce lafiya uwar jiki, babu mai fushi da ke. Sun kuma ce zumunta a ƙafa take. Galibi akan ɗauki waɗannan karin magana biyu tamkar ba su haɗa hanya ba, ana ganin ta farko zancen asibiti ce, ta biyu kuwa zancen ziyarar dangi. Manufar wannan lacca ita ce ta nuna cewa a rayuwar Bahaushe ta gargajiya hanyarsu ɗaya, watau ƙafar da take kai mutum ƙofar ɗan'uwansa ita ce kuma take tsare masa lafiyar jikinsa. Za a dubi al'amarin ta fuskar garuruwa 3 na Jihar Zamfara: Gusau, babban birnin jihar, da Tsafe wadda take kudu maso gabas a kan hanyar Funtuwa, da kuma Bunguɗu wadda take arewa maso yamma a kan hanyar Sakkwato.

Abin da laccar take son ta tabbatar shi ne, Bahaushen da bai taɓa ware wani lokaci na musamman don motsa jiki ba, domin sana'arsa da al'adun garinsu sun ɗauke masa wannan nauyi. Zaman birni ya raba shi da sana'ar ƙarfi, ya kuma raba shi da dandali. Saboda haka yawan kira ta rediyo cewa kowa ya riƙa motsa jiki ba zai wadatar ba, sai an mayar wa jama'a da abin da ya suɓuce musu, watau fili da lokaci da abokan yi.

Abin da harshe ya nuna

Ya kamata a fara da kalmomi, domin harshe shi ne rumbun da al'umma take ajiye tunaninta. Furucin "motsa jiki" da ma'anar da ake ba shi yau baƙo ne, makarantun boko da asibitoci da gidajen rediyo suka yaɗa shi. Kalmar "atisaye" kuwa aro ce daga Turanci, ta shigo ta bakin sojoji da 'yan sanda. Wannan ba ya nufin kakanni ba su san ƙarfin jiki ba. Abin da ya nuna shi ne, ba su ga dalilin raɗa wa abin suna ba, kamar yadda kifi ba ya neman sunan ruwa.

Kalmar da ta fi kawo cikas ita ce "wasa". A Hausa wasa kishiyar aiki ne, kuma kishiyar gaske ne. Idan aka ce abu ba wasa ba ne, ana nufin yana da muhimmanci. Idan aka ce wa magidanci ya cika wasa, an rage masa daraja. Don haka da zarar an kira ƙwallo ko langa ko tsere da sunan wasanni, kunnen dattijo ya riga ya ajiye su a sahun abubuwan yara. Shi ya sa a ofisoshi da yawa kasafin wasanni ne ake fara yankewa in kuɗi sun yi ƙaranci.

Sai kuma kalmar "hutu". Akan ce wane ya ji hutu, ko jikinsa jikin hutu ne, kuma yabo ake nufi. Ƙiba da tumbi sun zama shaidar buɗi, rama kuwa shaidar wahala. Daɗin daɗawa, kamala da dattako sun hana babban mutum sauri a bainar jama'a. Idan aka hangi magidanci ɗan shekara 50 yana sassarfa a kan titin Sabon Gari da sassafe, abin da za a fara tambayarsa shi ne ko lafiya, domin a al'ada babba ba ya gudu sai da dalili. Keke ma haka ya zama. A zamanin En'e malamin makaranta ko malamin haraji da ya sayi keke ya yi abin faɗi, amma yau ma'aikacin da ya je ofis a kan keke sai a riƙa yi masa kallon wanda arziki ya karye wa. Duk wanda yake son ya jawo Bahaushen birni ga motsa jiki, wajibi ne ya san cewa da waɗannan kalmomi zai fara kokawa.

Yadda abin yake a da

Ƙasar da ta haɗa Gusau da Tsafe da Bunguɗu ƙasar noma ce, ta dawa da gero da auduga da gyaɗa, ga fadamun Gulbin Sakkwato wanda ya ratsa ta Gusau da Bunguɗu. Shekarar manomi tun daga sharar gona har zuwa kai amfani rumbu aikin ƙarfi ce: shuka, noman farko, maimai, huɗa, girbi, ɗaurin dami. Mata kuma suna da surfe da daka da niƙa da jan guga da sussuka. Fatake da 'yan koli sukan taka daga kasuwar wannan gari zuwa ta wancan da kaya a ka ko a bayan jaki. Almajiran da suka riƙa zuwa 'Yandoto, tsohon birnin ilmi da yake kusa da Tsafe, da ƙafa suka je.

Abin lura shi ne, mafi yawan wannan aiki ba a yinsa a kaɗaice. Idan gona ta fi ƙarfin mai ita sai ya kira gayya, samarin gari su taru da fartanya da garma, makaɗin gangar noma yana binsu yana zuga, kowa yana ƙoƙarin ya riga ɗan'uwansa kai ƙarshen kunya. Da gayya ake yaɓen ganuwa da gyaran masallaci da yashe rijiya da ɗaukar jinka. A nan aiki da gasa da zumunci suka haɗu a wuri ɗaya, har ba a iya raba su.

Idan kaka ta yi, amfani ya shiga gida, sai lokacin dambe da kokawa da kalankuwa, Fulani kuma su yi sharo. Dambe tun asali abin mahauta ne, da kalangu ake kaɗa shi, kuma yana da ƙa'idoji sanannu: hannu ɗaya ake naɗewa da zare, ɗayan na kariya ne, turmi 3 ake yi, wanda hannunsa ko gwiwarsa ta taɓa ƙasa an kashe shi. Ƙasar Sakkwato da Zamfara ta yi suna a wannan fage, kuma waƙar da Ɗan Anace ya yi wa Shago ta kai sunan damben wannan yanki ko'ina ake jin Hausa. A Kwatarkwashi, cikin Ƙaramar Hukumar Bunguɗu ta yau, a da akwai bikin shekara-shekara wanda jarumai sukan hau dutsen garin su kamo maiki, abin da ba ya yiwuwa sai ga mai ƙarfin gaɓɓai da tsayayyar zuciya.

Yara kuwa dandali ne makarantarsu ta dare, musamman in akwai farin wata. 'Yan mata suna gaɗa da carafke, maza suna langa da allambaku da ɓuya. Langa ta cancanci a tsaya a kanta. Yara sukan rabu gida 2, kowa ya kama ƙafarsa ɗaya ta baya da hannu, yana tsalle da ɗayar. Kowane gida yana da wanda ake kira ruwa, wanda ake so ya isa wurin sha ba tare da an kayar da shi ba, sauran 'yan gidansu suna kare shi suna ture abokan karawa. Wasan ba ya bukatar ko sisin kwabo, amma yana ƙarfafa ƙafa da numfashi, yana kuma koya wa yaro cewa nasarar ruwa ta dogara ne ga waɗanda suka tsaya masa.

Bugu da ƙari, waɗannan abubuwa duk suna da shugabanci. Akwai sarkin noma da sarkin samari da sarkin dambe, akwai dattawan da suke raba faɗa. Yaron da ya tashi a wannan tsari ya koyi shan kaye a gaban jama'a ya tashi ya kaɗe jikinsa, ya kuma koyi yin nasara ba tare da wulakanta wanda ya kayar ba. Ko ba don lafiyar jiki ba, wannan tarbiyya ce mai tsada.

Yadda zaman birni ya sauya al'amura

Malam Sambo Ɗan Ashafa ne ya kafa Gusau a farkon ƙarni na 19, a zamanin jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Garin ya fara zama birnin ciniki sosai bayan da hanyar jirgin ƙasa daga Zariya zuwa Ƙauran Namoda ta ratsa ta cikinsa a 1929. Kamfanonin sayen auduga da gyaɗa suka kafu, baƙi suka cika Sabon Gari, daga baya aka sami masaƙa da matatsar mai da kamfanin alewa. A ranar 1 ga Oktoba, 1996, aka ƙirƙiro Jihar Zamfara daga tsohuwar Jihar Sakkwato, Gusau ta zama hedikwata, ma'aikatu suka buɗe, ma'aikata suka taso daga Sakkwato da iyalansu. Ƙidayar 2006 ta ba Ƙaramar Hukumar Gusau mutum fiye da 380,000, Tsafe fiye da 260,000, Bunguɗu fiye da 250,000. A 2013 kuma aka kafa Jami'ar Tarayya ta Gusau.

Duk wannan ci gaba ne, babu mai fatan a koma baya. Injin niƙa ya hutar da mata daga dutsen niƙa, famfo da rijiyar burtsatse sun rage jan guga, babur ya rage nisa. Amma ya kamata a dubi yinin ma'aikaci kamar yadda yake. Ya fito daga gida a Samaru ko Tudun Wada ya hau mota ko kabu-kabu, ya zauna a kujerar ofis daga ƙarfe 8 zuwa ƙarfe 4, in yana son takarda daga ofishin da ke kusa sai ya aiki masinja. Ya dawo ya kishingiɗa, bayan la'asar ya koma majalisa a zauna a kan benci har magariba, bayan isha'i kuma ga talabijin ga wayar hannu. Amma akushinsa bai ragu ba. Malmalar tuwon da kakansa yake ci bayan ya yini yana huɗa ita ce shi ma yake ci, har da ƙarin shinkafa da lemon kwalba da shayi mai sukari da yawa. Matarsa da take cikin gida halinta ya fi nasa tsanani, domin aikin ƙarfin ya tafi, tsakar gidan ma ta ƙanƙance.

Filaye su ma sun tafi. A unguwanni da yawa wurin da yara suke taruwa an yanka shi fulotai ko an jera shaguna. Makarantun gwamnati da suka cika maƙil sun gina azuzuwa a gefen filin wasa, makarantu masu zaman kansu da dama kuwa a gidajen haya suke, ba su da ko inda za a yi tsalle. Samari ba su daina son ƙwallo ba, sai dai yawancinsu sun koma 'yan kallo. Sukan biya kuɗi su zauna awa 2 a gidan kallo suna gardama a kan ƙungiyoyin Ingila da Sifen, alhali ƙafarsu ba ta taɓa tamaula ba duk makon.

Sannan ga babbar musiba, watau ta'addancin 'yan bindiga wanda ya addabi Zamfara tun wajen 2011. Ƙauyuka sun watse, gonaki sun zama kufai, dubban mutane sun yi gudun hijira zuwa Gusau da Tsafe da sauran manyan garuruwa. A watan Fabrairu na 2021 aka sace ɗalibai mata 279 daga makarantar Jangebe. A watan Satumba na shekarar aka katse layukan waya aka kuma rufe kasuwannin mako na wani lokaci. A watan Satumba na 2023 aka sace ɗaliban Jami'ar Tarayya daga gidajen kwanansu a Sabon Gida. A irin wannan hali ba za a zargi uban da ya hana ɗansa fita dandali da dare ba. Sakamakon dai shi ne, birni ya cika da samarin da suka tashi da aikin gona amma suka rasa gona, suna zaune a bakin titi cikin unguwannin da ba a san su ba, su ma ba su san kowa ba.

Abin da likitoci suka gano

A 1953 wani likita a Ingila, Dakta Jeremy Morris, ya buga sakamakon binciken da ya yi a kan ma'aikatan sufuri na birnin Landan kimanin 31,000. Ya kwatanta direbobin motocin safa masu hawa 2, waɗanda suke yini a zaune, da kwandastocinsu, waɗanda suke yini suna hawa da sauka a matakala don karɓar kuɗi. Ya tarar ciwon zuciya ya fi kama direbobin, ya kuma fi saurin kashe su. Mota ɗaya, hanya ɗaya, gari ɗaya, bambancin kawai shi ne wani yana motsi wani ba ya yi. Daga wannan bincike ne aka fara ɗaukar zama wuri ɗaya a matsayin sanadin cuta.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Naman jiki idan yana aiki yakan janye sukari daga cikin jini ya ƙone shi. Idan ba ya aiki sai sukarin ya taru, kitse ya yawaita, jijiyoyin jini su ƙanƙance su yi tauri, zuciya ta riƙa wahala wajen tura jini. Daga nan sai ciwon sukari da hawan jini da shanyewar ɓarin jiki. Waɗannan cututtuka ba sa zuwa da zazzaɓi balle su yi gargaɗi, kuma in sun kama mutum magani ne na har abada, wanda albashin ƙaramin ma'aikaci ba ya iya ɗauka. Galibi kuma sukan kayar da magidanci ne a lokacin da 'ya'yansa suke tsakiyar karatu.

A 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ma'aunin da ya kamata a bi. Baligi yana bukatar minti 150 zuwa 300 a mako na motsi matsakaici, ko minti 75 zuwa 150 na motsi mai tsanani, tare da aikin ƙarfafa gaɓɓai kwana 2 a mako. Yaro daga shekara 5 zuwa 17 yana bukatar kimanin minti 60 kowace rana. Motsi matsakaici shi ne irin tafiyar da take sa numfashi ya ɗan hau amma mutum yana iya magana. Minti 150 kuwa rabin awa ne sau 5 a mako, watau bai kai lokacin da ake ɓatawa a majalisa a yammaci 2 ba. Duk da haka Hukumar ta ƙiyasta cewa a 2022 kashi 31 cikin 100 na baligan duniya, kimanin mutum biliyan 1.8, ba su cika wannan ma'auni ba. Wanda ya riga ya kamu da ciwon zuciya ko hawan jini, ya kamata ya nemi shawarar likita kafin ya fara, ya kuma fara da kaɗan.

Matsayin addini

Tun daga shekarar 2000 Zamfara take aiki da shari'ar Musulunci, saboda haka duk shirin da bai dace da addini ba ba zai karɓu ba. To, addini bai hana ƙarfin jiki ba, ya ma yaba shi. Ya zo a hadisi cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi tsere da Nana A'isha, ya shirya sukuwar dawaki, ya kwaɗaitar da koyon harbi, ya kuma fifita mumini mai ƙarfi a kan mai rauni, ko da yake dukansu akwai alheri. An kuma yi alkawarin lada ga kowane taku zuwa masallaci. Abin da malamai suka ƙyamata a filin dambe da dandali shi ne caca da tsafi da batsa da shaye-shaye da cakuɗuwar maza da mata da tozarta lokacin salla. Waɗannan kuwa ƙaya ce da ta maƙale wa abin, ana iya cire ta a bar shi. Mai ciwon ido ba a cire masa ido, magani ake sa masa.

Darasi daga maƙwabta

Jamhuriyar Nijar ta nuna abin da hukuma take iya yi da wasan gargajiya. Tun 1975, lokacin da aka yi karon farko a Tawa, ƙasar take shirya gasar kokawa ta ƙasa, ana zagayawa da ita jiha-jiha, wanda ya yi nasara a ba shi takobi. Kowace jiha tana tace 'yan kokawarta tun daga ƙauyuka, saboda haka yaron da yake kokawa a kan yashi a ƙasar Maraɗi ya san akwai tsanin da zai taka. A Nijeriya kuma an fara Bikin Wasanni na Ƙasa a Legas a 1973, shekara 3 bayan yaƙin basasa, da niyyar ɗinke ɓarakar da yaƙin ya bari, daga baya aka shigar da dambe da kokawa da langa cikinsa. Shugabannin wancan lokaci sun fahimci cewa mutanen da suka yi wasa tare yana da wuya su ɗauki juna dodanni.

Gusau tana da Filin Wasa na Tunawa da Sardauna, tana da ƙungiyar Zamfara United wadda ta taɓa bugawa a babbar gasar ƙwallon ƙafa ta ƙasa. Abin alfahari ne, amma a filin ƙwallo mutum 22 ne suke gudu, dubbai suna zaune. Babban fili ɗaya a tsakiyar birni ba zai maye gurbin ƙananan filaye 50 a cikin unguwanni ba, domin yaron Mareri ko Damba ba zai biya kuɗin mota kullum don ya je ya yi wasa ba. Abin da ya sa dandali ya yi tasiri shi ne kusancinsa da ƙofar gida.

Shawarwari

Na farko, fili. Ya kamata hukumomin ƙasa da safiyo da na tsara birane su ware fili a kowace sabuwar unguwa, a yi masa takarda da sunan jama'a, a danƙa amanarsa ga mai unguwa da kwamitin dattawa, yadda babu mai iya sayar da shi a ɓoye. A nan Tsafe da Bunguɗu suna da damar da Gusau ta fara rasawa, domin har yanzu akwai sarari a gefensu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. A cikin tsohon gari inda babu sauran sarari, a buɗe filayen makarantun firamare ga 'yan unguwa bayan an tashi, bisa yarjejeniya da hedimasta. Haka kuma duk titin da za a gina a bar wa masu tafiya a ƙasa gefensu, a dasa itatuwa, domin a zafin bazara inuwa ce take sa tafiya ta yiwu.

Na biyu, lokaci. Saboda zafi da kuma halin tsaro, lokutan da suka dace su ne bayan sallar asuba da kuma tsakanin la'asar da magariba, a cikin gari, da sanin hukuma. Jama'ar masallaci ɗaya suna iya zagaya unguwa na rabin awa bayan asuba, su biya ta gidan mara lafiya su gaishe shi. Makarantu su mayar da darasin motsa jiki cikin jadawali da gaske, kada ya zama lokacin da ake ba malamin lissafi ya cike gurbi.

Na uku, jagoranci. Tun da kunya ce take hana manya, to manya ne za su karya ta. Ranar da aka ga babban sakatare ko hakimi ko limami yana takawa zuwa masallaci ko ofis, ƙaramin ma'aikaci ya sami hujja. Masarautun Gusau da Tsafe da Bunguɗu da Kwatarkwashi suna iya farfaɗo da sarautar sarkin samari su ba ta aiki, a shirya gasar langa da kokawa da ƙwallo tsakanin unguwanni da rana, bayan girbi, a kai har matakin ƙaramar hukuma da na jiha. Kuma lalle a sa 'ya'yan 'yan gudun hijira cikin ƙungiyoyin unguwannin da suka sauka, kada a ware su.

Na huɗu, mata. Su ne rabin jama'a, su ne kuma aka fi mantawa. Gusau tana da Kwalejin Ilmi ta Tarayya ta Fasaha wadda ta mata ce, ga makarantun 'yan mata masu katanga, ga Islamiyyun matan aure. A irin waɗannan wurare ana iya keɓe sa'o'i na mata zalla, ƙarƙashin malamai mata, cikin sutura da mutunci. Gaɗa ma motsa jiki ce, kuma babu uwar da za a koya wa ita.

Na biyar, gayya. Birni yana da nasa aikin gayya: yashe magudanun ruwa kafin damina, kwashe shara, gyaran maƙabarta, cike ramukan lungu. Ƙungiyoyin ɗalibai na Tsafe da Bunguɗu da Gusau suna iya ɗaukar wannan a lokacin hutu, su kuma zauna da tsofaffi su rubuta ƙa'idojin wasannin gargajiya da kalmominsu kafin masu saninsu su ƙare. Wannan aiki ne da ya rataya musamman a wuyan ɗaliban Hausa.

Kammalawa

Ba a cewa ƙwallo ko langa za su kawo ƙarshen ta'addanci, ko su maye gurbin asibiti da aikin yi. Wannan nauyi ne na hukuma, kuma yana nan a wuyanta. Amma sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Unguwar da dattawanta suka san samarinta da suna, suke haɗuwa da su a fili sau 2 ko 3 a mako, ta fi wuyar shiga ga dillalin ƙwaya da mai neman ɗan leƙen asiri. Ma'aikacin da yake taka rabin awa kullum ya fi kusa da cin fanshonsa da ƙafafunsa. Kakanni sun sami lafiyar jiki da ta zumunci ba tare da sun nema ba, domin rayuwarsu ce ta ba su. Jikokinsu na birni sai sun nema da niyya, sun ware mata fili a taswira da kuɗi a kasafi da lokaci a yini. Motsi ya fi laɓewa.

Allah ya ba Zamfara da Nijeriya lafiya da zama lafiya, amin.